Yadda tsara gyaran haƙora a kwamfuta ke bai wa mutum damar ganin sakamako kafin a taɓa haƙorinsa

Gyaran haƙora don ado ya bambanta da yawancin ayyukan kwalliya ta wata fuska mai muhimmanci: abin da aka kankare daga jikin haƙori ba ya dawowa. Gashi yana tsirowa bayan aski, farce yana fitowa bayan yanka, amma farin rufin nan mai tauri da ke lulluɓe da haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, idan aka goge shi ya tafi ke nan har abada. Wannan ne dalilin da ya sa likitocin haƙori a ƙasashe da dama, har da wasu asibitoci masu zaman kansu a manyan birane irin su Legas da Abuja, suka koma tsara aikin a kwamfuta tun kafin su kai injin guga bakin mutum.

Amfanin tsarin shi ne likita da mai neman gyara su ga yadda aikin zai kasance, su gwada shi, su gyara abin da bai yi ba, a lokacin da kuskure bai wuce zane a allon kwamfuta ba.

Yadda ake yi a da

A tsohuwar hanya, wadda har yanzu ita ce ta fi yawa a asibitoci, likita kan zuba wani ƙullu mai laushi a cikin ɗan faranti mai siffar baki, ya danna shi a kan haƙoran mutum har ya daskare. Daga nan sai a zuba filasta a cikin gurbin da haƙoran suka bari, a sami kwafin bakin. Wannan kwafi ne ake aika wa masanin haɗa haƙora a ɗakin aikinsa, shi kuma ya gina siffar sababbin haƙoran da kaki, daga baya a mayar da su tangaran.

Hanyar tana aiki, kuma ƙwararru sun daɗe suna fitar da kyakkyawan aiki da ita. Rauninta shi ne masanin haɗa haƙoran yawanci bai taɓa ganin fuskar mai bakin ba. Bai san yadda leɓensa ke ɗagawa idan ya yi dariya ba, bai san ko muƙamuƙinsa ya ɗan karkata ba. Sai a sami haƙoran da suka yi kyau a kan filasta, amma da aka saka su a baki suka fito a karkace idan an kwatanta da layin idanu, ko suka yi wa leɓe tsawo. A lokacin kuwa an riga an kankare haƙoran asali.

Inda fasahar ta samo asali

Tunanin auna haƙori da haske maimakon ƙullu ya faro ne daga Faransa, inda likitan haƙori François Duret ya gabatar da shi a kundin karatunsa na shekarar 1973. A 1985, a Jami'ar Zurich da ke ƙasar Suwizalan, likita Werner Mörmann da injiniya Marco Brandestini suka yi wa mutum na farko aiki da na'urarsu mai suna CEREC, wadda ke ɗaukar siffar haƙori, ta zana abin da za a cike gurbin da shi, sannan ta sassaƙa shi daga dunƙulen tangaran a zama ɗaya.

A 1997 aka kafa kamfanin Align Technology a Amurka, mai yin robar gyaran jerin haƙora ta Invisalign, wadda kwamfuta ke lissafa matakan motsa kowane haƙori. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka fara amfani da na'urar hoton ƙashi ta CBCT da aka ƙera musamman don baki da muƙamuƙi, inda ta farko da ta shiga kasuwa ta fito daga Italiya.

Wanda ya haɗa waɗannan abubuwa da fuskar mutum shi ne Christian Coachman, likitan haƙori ɗan ƙasar Brazil wanda kuma masanin haɗa haƙora ne. A shekarun 2000 ya fito da tsarin da ya yi suna da Digital Smile Design, wato zana murmushi a kwamfuta. Da farko bai yi amfani da wata manhaja ta musamman ba, da manhajojin gabatar da jawabi irin su Keynote da PowerPoint yake jan layuka a kan hoton fuska. Ginshiƙin tunaninsa shi ne a fara daga fuska a gangaro zuwa haƙori.

Matakan aikin

Matakin farko ba na kwamfuta ba ne. Likita zai duba lafiyar bakin: ko akwai kogo a haƙori, ko dasashi na zubar da jini, ko ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya zaizaye, ko mutum yana cizon haƙora cikin barci. Duk wanda aka samu da ɗaya daga cikin waɗannan, sai an magance shi tukuna. Tangaran da aka manna a kan haƙorin da dasashinsa ke ciwo ba ya daɗewa, domin dasashin zai ja baya ya bar bakin aikin a fili.

Mataki na biyu shi ne hotuna. Ana ɗaukar fuska gaba ɗaya, baki a rufe, da murmushi, da cikakkiyar dariya, da kuma ta gefe. Likitoci da dama kan ƙara da ɗan gajeren bidiyo na mutum yana magana, saboda murmushin da ake yi wa kyamara ya sha bamban da dariyar da ke zuwa da kanta, kuma a bidiyo ne ake ganin iyakar inda leɓe ke kaiwa.

Mataki na uku shi ne ɗaukar siffar haƙoran da wata ƙaramar na'ura mai kama da babban buroshi, wadda ake zagayawa da ita cikin baki. Tana ɗaukar dubban hotuna cikin 'yan mintuna, manhaja kuma ta haɗa su su zama siffar baki ta 3D da ake iya juyawa ta kowane ɓangare a allo. Babu ƙullu, babu yunƙurin amai da wasu ke ji, kuma ana iya tura wannan kwafi ta intanet zuwa ɗakin haɗa haƙora a wani gari cikin ɗan lokaci.

A mataki na huɗu ake zanen. Ana jan layi a kwance ta tsakiyar ƙwayoyin idanu biyu, da wani a tsaye ta tsakiyar fuska, a ga ko haƙoran gaba sun yi daidai da su. Ana duba ko gefen haƙoran sama yana bin lanƙwasar leɓen ƙasa yayin murmushi. Ana auna tsawo da faɗi: babban haƙorin gaba na sama yawanci yakan kai milimita 10 zuwa 11 a tsawo, faɗinsa kuma kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tsawonsa. Da waɗannan ma'aunai ake zana sabuwar siffa a kan hoton, sannan a mayar da ita kan siffar 3D.

Mataki na biyar shi ne wanda ya fi kowanne amfani ga mai neman gyara. Ana fitar da zanen da na'urar ɗab'i ta 3D ya zama kwafi na zahiri, a yi masa gurbi da roba mai laushi, a zuba farin sinadari na wucin gadi a cikin gurbin, a danna shi a kan haƙoran mutum ba tare da an goge komai ba. Cikin 'yan mintuna zai kalli madubi ya ga haƙoran da ake shirin yi masa a cikin bakinsa. Zai yi magana ya ji ko harshensa yana tuntuɓe wajen furta haruffa irin su s da f, ya rufe baki ya ji ko leɓensa yana haɗuwa ba tare da dole ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Idan abin bai yi masa ba, a ɓamɓare sinadarin, haƙoransa suna nan yadda Allah Ya halicce su.

Abin da ake ƙoƙarin tserarwa

Siririn tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori, wanda ake kira biniya, ya yi kama da farcen roba da mata ke sakawa, kuma kaurinsa yawanci tsakanin milimita 0.3 ne zuwa 0.7. Wani likita a jihar Kalifoniya, Charles Pincus, shi ya fara yin irinsa a 1928 domin 'yan fim, amma nasa na ɗan lokaci ne saboda babu abin da zai riƙe shi. Sai bayan da Michael Buonocore ya nuna a 1955 cewa idan aka ɗan jiƙa inamel da ruwan asid mai sauƙi yakan yi kaushin da sinadarin manni zai kama, aka sami hanyar da ta kai ga manna tangaran ya zauna shekaru.

Wannan binciken ne ya bayyana dalilin da ya sa kowane ɗigo na inamel yake da daraja. Manni yana kama inamel da ƙarfi fiye da yadda yake kama dentin, wato ɓangaren ciki mai launin ɗorawa da ke ƙarƙashinsa. A kusa da dasashi kuwa, kaurin inamel na haƙoran gaba bai cika wuce rabin milimita ba. Likitan da ke guga da ƙiyasin ido yana iya ratsa shi bai sani ba, sakamakon haka kuma shi ne tsamin haƙori, da saurin ɓallewar aikin, wani lokaci har da mutuwar jijiya.

A tsarin kwamfuta, likita yakan yi gugar ne ta cikin sinadarin gwajin nan da ke kan haƙori, da bakin inji mai iyakantaccen zurfi. Inda sabuwar siffar ta fi tsohuwar kauri, injin ba zai ma kai ga haƙorin asali ba. Ta haka ake cire abin da ya zama dole kawai.

Bambancin da ke tsakanin biniya da cikakkiyar hular haƙori yana da girma. Wani bincike da Daniel Edelhoff da John Sorensen suka wallafa a 2002 ya nuna cewa shirya haƙorin gaba don biniya yana cin kimanin kashi 3 zuwa 30 cikin ɗari na ɓangaren haƙorin da ke waje, yayin da hula ke cin kashi 63 zuwa 72. Kafafen yaɗa labarai a Birtaniya sun sha kawo rahoton matasan da suka tafi ƙasar waje neman fararen haƙora cikin mako guda, da zaton biniya za a saka musu, suka dawo an fiƙe musu lafiyayyun haƙora an ɗora huluna. Irin wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Gyaran jeri da dashen haƙori

Sau da yawa zanen kwamfuta yakan nuna cewa matsalar ba ta siffar haƙoran ba ce, ta jerinsu ce. Haƙorin da ya turo gaba ko ya hau kan ɗan'uwansa, idan aka ce sai an daidaita shi da tangaran, dole a ci jikinsa da yawa. Idan aka fara mayar da shi mazauninsa da waya ko da robar nan mai garai-garai, ana iya ƙarewa ba a goge komai ba. Manhaja kan raba tafiyar haƙorin zuwa ƙananan matakai, kowace roba tana motsa shi kimanin rubu'in milimita, ana sauya ta bayan mako ɗaya ko biyu, kuma ana son ta zauna a baki sa'o'i 20 zuwa 22 a kowace rana.

Ga wanda yake da giɓi kuma, ana haɗa hoton CBCT da siffar bakin, a ga kaurin ƙashi, da inda babbar jijiyar muƙamuƙin ƙasa ta bi, da kogon iska da ke saman turamen sama. Ana fara zana haƙorin da ake so a gani, sannan a zaɓi inda ƙusar taitaniyom da za ta riƙe shi za ta shiga, a bar tazarar kimanin milimita 2 tsakaninta da jijiyar. Daga nan a fitar da wani ɗan marfi mai huda da ke hawa kan haƙora ya nuna wa injin hanya. Sai dai hasken da CBCT ke saki ya fi na ƙaramin hoton haƙori na yau da kullum, don haka ba a yin sa sai da dalili.

Wushirya da ma'aunin kyau

Manhajojin zana murmushi suna zuwa da samfuran haƙora da aka riga aka ajiye a cikinsu, kuma akasarinsu an gina su ne a kan abin da ake ɗauka kyau a Turai da Amurka: haƙora farare fat, a jere, babu tazara. A wannan ma'auni, ratar da ke tsakanin haƙoran gaba biyu matsala ce da ake rufewa.

A ƙasar Hausa kuwa wannan ratar ita ce wushirya, kuma ado ce da ake yabo. Haka ma a wurare da dama na Afirka ta Yamma, inda har akan sami masu zuwa a buɗe musu ita da gangan. Likitan da ya bar manhaja ta yi masa zaɓi zai iya shafe wa mace wushiryar da aka san ta da ita tun ƙuruciya, alhali tabo ɗaya ta zo a gyara mata. Gwajin da ake yi a baki kafin guga shi ne ke ba ta damar cewa a bar mata abinta. Masu neman a buɗe musu wushirya kuma ya kamata su sani cewa fiƙe lafiyayyen haƙori a wurin wanda ba likita ba yana iya kaiwa ga jijiya, haƙorin ya mutu ya yi baƙi.

Launi ma haka yake. Ma'aunin launin haƙori na kamfanin VITA da aka fi amfani da shi yana da launuka 16, kuma haƙorin ɗan Adam na asali yana da ɗan ɗorawa-ɗorawa, musamman kusa da dasashi da kuma a fiƙoƙi. A fuskar mai duhun fata, haƙori yakan fito da haske fiye da yadda yake a ma'auni, saboda haka farin da ya wuce kima yakan tona kansa daga nesa.

Ba kowane tabo ke bukatar tangaran ba

A Najeriya, tabo yana cikin manyan dalilan da ke kai mutane neman gyaran haƙoran gaba. Tabon goro, da taba, da shayi a saman haƙori yake zama, kuma wankin haƙori a asibiti yakan kawar da mafi yawansa. Akwai kuma tabon da ke cikin jikin inamel, wanda yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha ke haddasawa lokacin da haƙoran yaro ke ginuwa, wato kafin ya kai kimanin shekara takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita, kuma an san yankuna irin su Langtang a jihar Filato da Kaltungo a jihar Gombe da wannan matsala.

Tabon fuloraid mataki-mataki ne, daga fararen ɗigo har zuwa launin ƙasa mai ramuka. Mai sauƙi ana iya rage shi da ɗan goge sama-sama, ko da maganin haskaka haƙori a hannun likita, ko da wani sinadari mai ruwa da ke shiga cikin ƙofofin inamel. Mai tsanani ne ke kaiwa ga biniya. Hotuna masu kyau da siffar 3D suna taimaka wa likita ya tantance haƙori ɗaya bayan ɗaya, maimakon ya rufe takwas ko goma gaba ɗaya alhali biyu ne suka lalace.

Iyakar abin da na'ura ke iyawa

Hoton da ke allo hasashe ne, jikin mutum kuma ba ya bin lissafi sau da ƙafa. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan robar gyaran jeri ya gano cewa a matsakaici, kashi 41 cikin ɗari na motsin da kwamfuta ta yi hasashe ne ya tabbata a baki. Da aka sake irin binciken a 2020 bayan an inganta robar, adadin ya kai kashi 50. Wannan ba ya nufin aikin ba ya nasara. Yana nufin yawancin mutane kan bukaci a sake auna su a ƙara musu wasu robobin, kuma dole likita ya riƙa ganin bakin da idonsa. Kamfanin SmileDirectClub na Amurka, wanda ya yi suna wajen aika wa mutane roba gida ba tare da zuwa asibiti a kai a kai ba, ya rufe a watan Disamba na 2023, ya bar masu amfani da kayansa a tsakiyar magani.

Launin da ake gani a allon waya ma ba abin dogaro ba ne, domin haske da kyamara suna sauya shi. Na'urar ɗaukar siffa kuma takan yi kuskure idan akwai jini ko yawu a gefen haƙorin da aka shirya. Sannan akwai tsada: na'urorin da kayan aikinsu daga waje ake shigo da su da kuɗin ƙetare, suna bukatar tsayayyiyar wutar lantarki, kuma duk wannan yana komawa kan mai biya. Biniya kanta ba ta har abada ba ce. Takan kai shekara goma ko fiye idan an kula da ita, amma wanda aka goge wa haƙori zai ci gaba da bukatar sabuwa duk lokacin da tsohuwar ta lalace.

Abin da ya kamata mai neman gyara ya tambaya

Kafin komai, ya tabbatar cewa wanda zai taɓa bakinsa likitan haƙori ne mai rajista da hukumar MDCN, wadda ke kula da likitoci da likitocin haƙori a Najeriya. Masanin haɗa haƙora yana da tasa hukumar da nasa aikin a ɗakin haɗawa, amma guga da manni a bakin mutum aikin likita ne. Masu saka haƙoran ado a shagunan kwalliya ko a kasuwa ba su da hurumin yin haka, kuma araha ba ta ado.

Ya tambayi ko an duba dasashinsa da ƙashinsa kafin a fara maganar kyau. Ya nemi a bayyana masa a fili ko biniya za a saka ko hula, haƙora nawa, kuma milimita nawa za a cire daga kowanne. Ya tambayi ko akwai hanyar da ba ta bukatar guga. Ya nemi gwajin a cikin bakinsa, kada ya tsaya ga hoton allo kawai, kuma ya ɗauki lokaci ya nuna wa iyalinsa kafin ya amince. Hotunan fuskarsa da siffar bakinsa bayanan lafiyarsa ne, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya cikin masu bukatar kariya ta musamman, don haka asibiti ba shi da ikon saka su a shafukan sada zumunta don talla sai da izininsa.

Idan asibitin da ke kusa da shi ba shi da waɗannan na'urori, hakan bai hana a yi masa gwaji ba. Likita zai iya sa a gina siffar da kaki a kan kwafin filasta, a yi mata gurbi, a gwada ta a baki kamar yadda ake yi da ta kwamfuta. Sassan kula da haƙori na asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Maiduguri, wurare ne da mutum zai iya neman ra'ayi na biyu kafin ya yarda a kai inji kan lafiyayyen haƙorinsa.